Saratu da Ƙarar Fankar Masaƙa

Shekara goma sha bakwai ke nan cif da muka binne ƙanwata Saratu, injiniya, malama a wata kwalejin kimiyya da fasaha ta nan garin. Ni ne babban wanta, sunana Bulus. Ni ba marubuci ba ne, makaniki ne. Na yi ƙuruciyata da ƙarfina a wata masaƙa da ke Kakuri har ranar da aka sa mata kwaɗo. Duk shekara idan wannan wata ya kama, mukan taru a gidana da ke Unguwar Boro, mu yi addu'a, mu ci abinci, kowa ya kama gabansa. Bana na ga hakan bai ishe ni ba. Waɗanda suka san irin aikin da ta yi suna ta raguwa, shi ya sa na roƙi wannan fili in ba da labarinta.

Ba za a gane Saratu ba sai an san mahaifinmu. Baba ya baro ƙauyenmu a kudancin jihar nan yana saurayi, ya kama haya a Makera, ya sami aiki a ɗakin iska na masaƙa. Ga wanda bai taɓa shiga masaƙa ba: zare ba ya son busasshiyar iska, da ta bushe sai ya riƙa tsinkewa a kan injin saƙa. Saboda haka akwai wani ɗaki da aka girke manyan fankoki, kowace ta fi tsawon mutum, suna tura iska mai laima ta cikin bututu zuwa inda ake saƙa. Ƙarar ɗakin nan ba ta misaltuwa. Idan kana son yi wa abokin aikinka magana, sai ka kafa bakinka a kunnensa ka yi ihu. Baba ya yi shekaru a ciki. Da farko idan mun gaishe shi sai ya ce, "Me?" Daga baya ya daina tambaya, sai dai ya yi murmushi ya gyaɗa kai. A Makera irinsa suna da yawa, har suna muke da shi na wannan ciwo, muna ce masa kunnen masaƙa. Ba wanda ya ɗauke shi abin kai ƙara. Ana ganin haka aikin ya gada.

Ranar da Saratu ta gama karatun injiniya, muka je da Baba wurin bikin. Aka kira sunanta, jama'a suka ɗauki tafi, shi kuwa yana zaune yana duba takardar da ke hannunsa. Sai da na taɓa shi na nuna masa, sannan ya miƙe, ta riga ta kusa sauka daga dandamali. Ta gan shi daga can sama. A lokacin ni ma na riga na gaji Baba a ɗakin iskan nan, kuma kunnena na hagu ya fara tafiya, ta kuwa sani.

A zamanin soja ta yi ta rubuta takardun neman tallafin bincike. Wasu ko amsa ba a ba ta ba. Masu ba da tallafi na ƙasashen waje kuwa sun juya wa ƙasar baya gaba ɗaya. Abokan karatunta da dama suka bar koyarwa, wasu suka tsallaka ƙetare, ita tana nan tana koyar da lissafin iska da alli a kan allo, ba kayan gwaji. Da soja suka miƙa mulki ga farar hula, ƙofofi suka fara buɗewa. Ta sake kakkaɓe takardunta ta aika, sai ga wata cibiya ta ƙasar waje mai tallafa wa binciken injiniyoyi ta amsa. Abin da ya dame su shi ne yadda iska take hargitsewa idan ta bugi ƙarfe da gudu, da ƙarar da hakan yake haifarwa, domin abin ya shafi jiragen sama. Saratu ta rubuta musu cewa za ta yi aikin, amma a kan fankar masana'anta za ta yi shi. Suka yarda. Da ta zo gaya wa Baba, a takarda ta rubuta masa da manyan baƙaƙe. Ya karanta sau biyu, ya ninke, ya sa cikin Littafi Mai Tsarki.

Ni dai ban gane ba. A ganina ƙarar fanka daga inji take fitowa: ko boris ɗin da take juyawa a kansa ya ci, ko belt ɗin da yake jan ta ya saki. Wata ranar Lahadi bayan an tashi daga coci ta ja ni zuwa kan gadar kogin Kaduna, damina ce, ruwa ya cika. Ta ce in leƙa bayan ƙafar gadar.

"Yaya, me ka gani?"

Na ce, "Ruwa."

"Dubi yadda ya taho sumul, amma da ya wuce ginshiƙin sai ya murɗe, yana juyi yana karo da kansa. Kana jin ƙararsa?"

Da kunnen dama ina ji.

Ta ce, "To haka iska take yi a bakin fiffiken fankarku, sai dai ido ba ya gani. Ko ka sa sabon boris, wannan ƙarar tana nan. Ita ce ta cinye kunnen Baba."

Tun daga ranar ban ƙara kallon fanka yadda nake kallonta a da ba.

Aikin yana bukatar wani dogon bututu da za a riƙa hura iska ta ciki, a sa fiffike a tsakiya, a auna ƙarar. Na'urar awon ce kawai aka aiko daga waje. Sauran duk a nan aka ƙera. Wanda ya ƙera shi ne Chinedu, wani mai walda ɗan kudu maso gabas da ke da shago a Kakuri, wanda Hausarsa ta fi ta wasunmu. Sun fara haɗa bututun a kwaleji, can tsallaken kogi. Ba a daɗe ba gari ya hargitse, irin hargitsin da duk wanda ya zauna a Kaduna a shekarun nan ya sani kuma ba ya son tunawa. Ƙetare gada ya zama abin fargaba na tsawon lokaci. Na ce mata ta dakata har ƙura ta lafa. Ta ce ai ko ba hargitsi, kwalejin ba ta dace ba: mai auna ƙara shiru yake nema, can kuwa ga motoci ga janareto. Wani ɗan'uwan mahaifiyarmu yana da tsohon sito na ajiye hatsi a gonarsa da ke Kakau, a kan hanyar Abuja. Da hanya ta samu, ta nemi izinin kwaleji, aka kwance bututun gunduwa-gunduwa aka loda a akori-kura. Ni na riƙa kawo mata tarkacen auduga daga masaƙa, muka lulluɓe bangon siton da shi, muka bi da kiret ɗin ƙwai. Idan ka shiga ka rufe ƙofa, har bugun zuciyarka kana ji. Janareton kuwa sai da aka kai shi can ƙarshen gona, aka tona masa rami.

Dabarar da take gwadawa ita ce a yi wa bakin fiffiken haƙora kamar na zarto, domin iskar ta rabu da ƙarfen kaɗan-kaɗan maimakon ta fizge gaba ɗaya. Ba ta taɓa cewa ita ta ƙirƙiro ba. Ta ce masana sun daɗe da lura cewa gefen fiffiken mujiya haka yake, shi ya sa ba a jin tashinta. Abin da ba a sani ba shi ne irin haƙoran da za su dace da fanka irin tamu, mai aiki cikin laima da ƙurar auduga. Wani manomi ya tsinto mata gashin mujiya, ta ajiye a kan tebur. Chinedu ya shigo ya gani, ya ja da baya.

"Madam Injiniya, ƙarfe ko wane iri ne zan yanka miki. Amma wannan abu, ki ɗauke shi kafin in zauna."

Ta yi dariya ta sa a aljihun tebur. Haka suka yi wata da watanni: ta zana, ya yanka da almakashin ƙarfe, ya goge da magagari, a ɗaura, a auna, a kwance. Tana gama lacca ta hau motar haya zuwa Kakau. Mijinta malamin firamare ne, mutum mai haƙuri, shi yake riƙe gida yawancin ranaku.

Da ta ga awon ya yi mata daɗi, ta ce tana so a gwada a masaƙa. Ni na je na roƙi manaja. Ya ce a yi a fanka ɗaya, ranar Lahadi da ake tsayar da injuna don gyara. Muka ɗaura sababbin fikafikai, aka kunna. Ƙara ta ragu sosai, har abokan aikina suka yi ta tafi. Na koma gida ina jin kaina kamar ni na yi binciken.

Kafin ranar Talata zare ya fara tsinkewa a ɓangaren da fankar take ciyarwa. Ashe tare da ƙarar, ƙarfin iskar ma ya ragu. Laima ba ta kaiwa ƙarshen bututu. Ma'aikatan saƙa suka yi ta ɗaurin zare, yadi ya lalace. Manaja ya kira ni ofis, ya faɗa mini maganganun da ba zan maimaita ba, ya dakatar da ni na mako biyu. Ina da mata da 'ya'ya huɗu. Daga ofishin ban tsaya ko'ina ba sai Kakau, raina a ɓace. Na same ta tana rubutu. Na zazzage mata duk abin da ke cikina. Ta bari na gama.

"Kuskurena ne, Yaya, ba naka ba. Na auna ƙara, na auna iska a nan inda ba abin da ya tare ta. Ban lissafa doguwar tafiyar da take yi a bututunku ba. Ka yafe mini."

Na ce, "To ya isa haka. Ki rubuta wa masu tallafin cewa ƙara ta ragu, ai gaskiya ne ta ragu. Ki rufe bakinki a kan sauran."

Ta juyo mini da takardar da take rubutawa. Rahoton ne, kuma labarin tsinkewar zaren shi ne a shafin farko.

"Idan suka janye fa?"

"Sai su janye. Idan na ɓoye, wani zai karanta ya ɗaura wannan fiffike a wata masaƙar, a kori yayan wata mata."

Na fita ban yi mata sallama ba. Mun yi kusan wata ba ma magana, kuma har yau ina jin kunyar wannan watan.

Ba su janye ba. Sai ma suka gayyace ta ta je can ta yi aiki da manyan na'urorinsu, suka kuma nuna mata cewa idan tana so ta zauna, akwai wuri. Dangi da yawa suka ce ta zauna, har da ni, domin a lokacin ina ganin zamanta can ya fi mana alheri duka. Ta yi 'yan watanni ta dawo, da jaka cike da takardu. Ta ce abin da ta je nema ta samu: haƙoran sun yi girma da yawa, kuma ba duk tsawon fiffiken ne yake bukatarsu ba, sai wajen ƙarshensa inda ya fi gudu. Ta sa Chinedu ya ƙara wa bututun Kakau tsawo da lanƙwasa har ya yi kama da namu, suka koma farko.

Karo na biyu manaja ya ce ko sunanta ba ya son ji. Ita da kanta ta je, ta zauna a benci a ƙofar ofishinsa. Ranar farko ya wuce ta. Ta biyu ma haka. A ta uku ya kira ta ciki, ta shimfiɗa masa awonta, har da na kuskuren farko. Ya ce ya yarda, da sharaɗi ɗaya: idan zare ya sake tsinkewa, Bulus ya bar aiki. Da yamma ta zo gidana ta gaya mini yadda suka yi, ba ta rage komai ba.

"Na tabbata da lissafina, amma wancan karon ma na tabbata. Aikinka ne, Yaya. Idan ka ce a'a, ba zan ƙara tayar da maganar ba."

Na shiga ɗaki na yi shawara da matata. Ita ce ta tuna mini cewa yanzu sai ta zagayo ta damana take mini magana, kuma babban ɗanmu ya fara zancen neman aiki a masaƙar. Na fito na ce a ɗaura.

Mako ɗaya na yi ina zagaya ɓangaren saƙa kamar mai gadi, ina kallon zare. Bai tsinke ba. Mako na biyu ma haka. Ba zan yi ƙarya in ce ɗakin iska ya zama shiru ba. Sauran fankokin suna nan da ƙararsu, injunan saƙa kuma ba abin da aikinta ya rage musu, ita ma ta sha faɗin haka. Amma akwai ranar gyara da muka kashe sauran muka bar tata ita kaɗai tana gudu, Saratu ta ɗauko Baba daga Makera. Ya tsufa, yana dogara sanda. Ba abin da zai iya ji, na rasa dalilin kawo shi. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon abokan aikina biyu da ke tsaye kusa da fankar suna hira, akwai tazarar taku biyu tsakaninsu. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya juyo, da babbar muryar nan ta wanda ba ya jin kansa, ya ce, "Ba su kai baki kunne ba!" Saratu ta gyaɗa masa kai. Ya kama hannunta ya riƙe, bai saki ba har muka fito.

Manaja ya yi alkawarin za a canza sauran fankokin. Ba a kai ga haka ba. Masaƙun Kakuri suka fara durƙushewa ɗaya bayan ɗaya, tamu ma ta bi. Fankar Saratu ba ta yi shekara biyu tana aiki ba. Na ɗauka wannan zai karya ta. Da na je mata jaje sai na tarar ta sa an jawo injin casar masara na wani manomin Kakau cikin siton. Ta ce shi ma fanka ce a cikinsa take hure ƙaiƙayi, mai aiki da shi kuma yini yake yi kunnensa na jikin injin. A kan wannan take lokacin da ciwon daji ya bayyana. Ta yi kusan shekara tana fama. Idan ta sami sauƙi mijinta ya kai ta Kakau, ta zauna a kujera tana faɗa wa Chinedu inda zai goge. Baba ya riga ta da 'yan watanni. Ta rasu ba ta kai hamsin ba.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga garin nan yau. Rufin masaƙarmu ya rufta, ciyawa ta fito a ɗakin iska. Amma ƙara ba ta bar mu ba, gida ta biyo mu. Kowane shago da janaretonsa, kowane lungu da injin niƙa, majami'u da masallatai kowa ya ɗaga lasifika, matasa kuma sun toshe kunnuwansu da abin jin waƙa daga safe har yamma. Ina ganin ba za ta tsaya ƙorafi ba. Ba halinta ba ne. Za ta nemi na'ura ta fara awo. Abin da zai ɓata mata rai shi ne wani daban: mun yi shekaru masu yawa a mulkin farar hula, amma har yanzu malamin da yake son ya binciki matsalar unguwarsu sai ya miƙa hannu ƙetare, ko ya tattara ya tafi can gaba ɗaya. Ina girmama waɗanda suka tallafa mata, sun yi mana halacci. Amma kunnen da ya mutu a Kakuri namu ne, bai kamata a ce wani na nesa ya fi mu damuwa da shi ba.

Me ya rage nata? Ba a sa wa wani gini sunanta ba, ban kuma damu ba. Chinedu ya tsufa, amma a shagonsa har yau ana yanka fiffike mai haƙora, masu injin casa da masu gidajen kaji suna saye, yawancinsu ba su san daga ina abin ya fito ba. Ɗalibanta suna warwatse a ƙasar nan, wasu sukan kira ni. Ni kuma kunnena na dama yana nan, da shi nake jin jikokina.

Akwai kuma littattafan awonta. Mijinta ya ba ni su kafin ya koma ƙauye: akwati guda, duk rubutun hannunta, kowane gwaji da abin da ya fito, wanda ya yi da wanda bai yi ba, har zuwa na injin casar da ba ta ƙarasa ba. Na yi shekaru ina adana su kamar kayan gado, ina sa musu maganin gara. A cikin watan nan na gane cewa ajiyar nan ba ta amfanar kowa. Na ɗauki akwatin a keke napep na kai kwalejin. Aka ce shugaban sashen yana taro, na zauna. Da ya fito, mutum ne da bai taɓa saninta ba, ya karɓe ni da ladabi, ya buɗe littafi ɗaya yana dubawa.

"Baba, me kake so a yi da su? Mu sa a ɗakin karatu don tunawa da ita?"

Na ce a'a. Na ce a ba ɗalibai su karanta, su nemo inda ta yi kuskure, su gyara, su ƙarasa na injin casar.

Ya ce zai duba. Na ce masa babu laifi, zan dawo farkon wata in ji inda aka kwana, kuma zan riƙa dawowa kowane wata. Ya yi dariya, yana tsammanin wasa nake. Jibi ne farkon wata, na riga na gaya wa mai keken ya zo da wuri.